Yadda Muka Ɗaure Gaban Kat-san-kat

Babana ya fi shekara talatin yana tuƙa mota tsakanin Damagaram da Agadas, kuma a duk tsawon wannan lokaci bai taɓa barina na riƙe masa sitiyari ba, ko da a fili ne inda babu ko akuya. Ƙannena biyu ya koya musu. Ni kuwa, tun ranar da na ɗura ruwa a inda ake ɗura mai, ina ɗan shekara sha biyu, ya yanke hukunci cewa Allah don takarda ya halicce ni. Da faɗa ya yi mini da na manta. Cikin tausayi ya faɗa, yana shafa kaina, shi ya sa abin ya zauna mini.

Na zo Faransa karatu, na gama, na sami aiki a wani ɗakin gwajin ruwa a Lyon, na yi aure, har na ci jarrabawar tuƙi. Da na gaya masa a waya, sai ya tambaye ni ko mai jarrabawar yana cikin motar lokacin da nake tuƙin. Na ce yana ciki. Ya ce lallai Turawa suna da tawakkali.

Motar da nake magana a kanta a wani ƙauye na tsince ta, ranar da aiki ya kai ni ɗibar ruwan rijiya a gidan wata tsohuwa. Tana cikin rumfar ciyawa, kaji sun mayar da ita masauki. Kat-san-kat ce, wato tsohuwar motar nan 404, mai launin madara, mai giya a jikin sitiyari, irin ta Baba sak. Ta mijinta ce da ya rasu. Na tsaya ina kallonta har tsohuwar ta tambaye ni ko ba ni da lafiya. Bayan mako biyu aka jawo mini ita Lyon. Matata ta dube ta, ta dube ni, ta ce ita dai sharaɗinta ɗaya, kada ta ga ƙarfe ko ɗaya a falonta.

Injin bai ba da wahala ba, irin waɗannan injuna ba su san mutuwa ba. Ana cikin haka aka ce Baba zai zo Paris a cire masa yanar ido. Zai sauka wurin Alhaji, taubashinsa, wanda ke aiki a wata ƙungiya ta ƙasa da ƙasa, in ya warke ya zo Lyon ya ga jikoki. Ban san abin da ya shiga bakina ba.

Na ce, “Baba, ni zan zo in ɗauke ka. A kat-san-kat. Ni zan tuƙa.”

Sai Baba ya jefo mini tambaya.

“Akwai jirgin ƙasa tsakanin garuruwan nan ko?”

“Akwai, Baba.”

“To madalla. A ajiye shi kusa.”

Na yi dariya don shi ma dariya yake yi, amma ni ba wasa nake yi ba. Ina da ƴaƴa biyu, furfura ta fara leƙowa a gemuna, kuma abin da nake so a duniya shi ne tsohon nan ya zauna cikin mota ina tuƙi, daga Paris har Lyon, bai nemi a sauke shi ba.

Matsalar a gaban motar take. Hancinta ya duƙa ƙasa, ko ɗan rami ta taka sai ka ji ƙwal daga ƙarƙashi, kuma in ka ce mata dama sai ta yi shawara tukuna. Wani Bature mai gareji ya ɗaga ta sama ya nuna mini. Ƙarafa biyun da suka ɗauki injin tsatsa ta cinye su, har ya soka sukudireba ta wuce. Rasor, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗaukar nauyi a kan kowace taya, ya gaji. Amortisar da ke hana ta tsalle sun mutu tuntuni. Ya ce zai nemo kayanta na asali, amma sai na ba shi wata uku. Ni kuwa mako shida gare ni.

A masallaci aka haɗa ni da Malam. Mutumin Tawa ne, yana walda a wata masana'anta a Saint-Fons, amma kafin ya zo ƙasar nan ya yi shekaru yana gyaran motoci a bakin tasha. A unguwar Minguettes yake zaune, yana da ɗan gareji a ƙarƙashin dogon benensu, wanda in mota ta shiga sai mutum ya riƙe numfashi kafin ya wuce ta gefenta. Ranar Asabar da hantsi na kai masa ita. Muka gaisa, ya tambayi iyali da aiki da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da Baba wanda bai taɓa gani ba, sannan ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashinta. Na gaya masa abin da Baturen ya ce.

Daga can ƙasa ya ce, “Kayan asali? Nasara ya yi wagga mota don mutum guda da matatai da karenai. Mu munka san abin da taka iyawa. Ka bar ni in ɗaure ta kamar yadda muka yi gida.”

Da ina da hankali da na tambayi yadda ake yi a gida. Amma kalmar gida ta yi mini daɗi, na ce Malam duk yadda ka gani.

Asabar biyar muka yi. Ya cire tayoyin gaba, ya sauke duk abin da ke riƙe da su, ya kankare tsatsa har ya iso ga lafiyayyen ƙarfe, ya yanke ruɓaɓɓen ya zubar. Inda Bature zai mayar da ƙarfe mai kaurin na da, Malam ya kawo faranti mai kaurin ɗan yatsa ya liƙa ciki da waje, ya ƙara wata sanda a gicciye. Rasor da amortisar kuwa daga wurin da ake jibge matattun motoci muka samo su, na wata motar ɗaukar kaya ce da ta ninka tawa girma. Robobin da ake sawa tsakanin ƙarfe da ƙarfe ya ce na kanti ba su da ƙarko, ya zauna da wuƙa ya yanko nasa daga tsohuwar tayar babbar mota. Daga ƙarshe ya ɗaura wani faranti a ƙarƙashin injin don kada dutse ya fasa shi.

Na ce, “Malam, ai babu duwatsu a hanyar Paris.”

Ya ce, “Ka taɓa bin ta duka da ƙahwa?”

Aikina shi ne riƙe fitila da miƙa sifana, yawanci ba wadda aka ce in miƙa ba. Sau ɗaya ya ba ni aiki na gaske. Kafin a sa rasor sai an matse shi da wasu ƙugiyoyi biyu, ana ɗaure wannan kaɗan a ɗaure wancan kaɗan. Ni na ga ɓata lokaci ne, na ce bari in gama da gefe ɗaya tukuna. Rasor ya suɓuce, ya wuce ta gefen kunnena, ya daki silin, ya dawo ya kifar da bokitin mai. Malam ya matso kusa da ni. Ya duba kunnena ya ga yana nan, ya karɓi sifanar daga hannuna a hankali, ya nuna mini butar shayi. Daga ranar na zama mai shayin garejin, kuma ba don yabon kai ba, a nan na yi fice.

Ranar da muka sauke ta daga kan jak, motar da ta shigo da sunkuyayyen kai ta fita tana kallon sama kamar raƙumin da ya ƙoshi. Malam ya hau kan bambar gaba da ƙafa biyu ya yi tsalle, ko gezau ba ta yi ba. Ya sauko yana murmushi, ya ce ko Bilma, can tsakiyar hamada, na ga dama in tafi. A wurin gwajin lafiyar motoci, ma'aikacin ya daɗe a ƙarƙashinta da tocila, ya kira abokin aikinsa shi ma ya zo ya gani. Suka girgiza duk abin da ke girgizuwa, ba su sami abin da ya motsa ba. Fitilu kawai suka ce a gyara, don rassan itatuwa suke haskawa maimakon hanya. Da zai ba ni takarda ya tambaye ni ko yaƙi za ni.

Ranar Juma'a da sassafe na kama hanyar Paris ni kaɗai, ta tsohuwar hanya mai ratsa garuruwa, don motar ba ta gudun babbar hanya ba ce. Kafin in fita daga Lyon na gane akwai magana. Duk wani ɗan tsagi da ke jikin kwalta sai ya biyo ta sitiyari ya shiga haƙorana. Hanyar da na sha bi da wasu motoci ina jin ta sumul, ashe cike take da abubuwa, kuma motar nan ta ƙudurta sai ta gabatar mini da su ɗaya bayan ɗaya. Na ciji harshena sau biyu. Madubi ya karkace, akwatin gaban mota ya riƙa buɗe kansa. Na tsaya na kira Malam.

Ya ce, “Sabon aiki na. Bari ta sha hanya, za ta saki.”

Ta sha hanya har Paris, ba ta saki komai ba. Ni ne na saki. Na fito daga cikinta a ƙofar gidan Alhaji, can kusa da Belleville, ina tafiya kamar wanda aka yi wa kaciya da girma.

Baba ya rame. Yana sanye da baƙin tabarau, ido ɗaya ya buɗe sosai, ɗayan likita ya ce sai dai abin da Allah ya yi. Muka gaisa, muka ci tuwon Hajiya, matar Alhaji, aka yi hirar gida. Maganar mota bai ɗauko ta ba, ni ma ban ɗauko ba.

Da safe ya ce a kai shi ya gan ta. Da ya hango ta sai ya rage tafiya. Ya shafa ƙofar, ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa don ya ji ƙarar. Sannan ya shiga gaba ya zauna, ya ce mu ɗan zaga unguwa. Na tayar da ita. Layin farko lafiya. A layi na biyu akwai irin tudun nan da ake yi don rage gudu. Na rage, wallahi na rage, amma gaban motar ya daki tudun ya tashi, kan Baba ya gaisa da rufi, hularsa ta dawo kan hancinsa.

“Tsaya.”

Na tsaya. Ya gyara hularsa ba gaggawa.

“Jirgin nan ƙarfe nawa yake tashi?”

Kunya da baƙin ciki suka rufe ni, na ji na koma yaron nan mai galan ɗin ruwa a hannu. Ya buɗe ƙofa ya fita. Na zaci gida zai koma, sai na ga ya zagaya gaba ya dafa hancin motar da hannu biyu ya danna. Ba ta motsa ba. Ya tattare rigarsa ya durƙusa a kan titin Paris, ya zura hannu ta bayan taya yana lalube. Ya bi layin waldar da yatsa. Ya taɓa rasor. Da ya iso kan robar da aka yanko daga taya, sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Dariya yake yi.

“Wa ya yi maka wannan aiki?”

“Wani Malam ne, mutumin Tawa.”

“Ai na gani. Wannan hannun ɗan tasha ne, kuma ya iya.” Ya miƙe yana kaɗe gwiwa. “An ɗaure mota don mutum tara da buhu shida da akuya a sama, kai kuma ka ɗauko ta da jakar takardunka. Yaya ba za ta yi tsalle ba? Babu abin da ke damunta. Kaya take so.”

“To yanzu yaya za a yi, Baba?”

“Lodi za a yi.”

Tsohon da jiya sai an riƙe masa hannu a matakala, yau shi ne a gaba cikin kantunan Belleville yana nuni da sanda. Buhun shinkafa biyu, buhun albasa, jarkar mai, katan ɗin tumatirin gwangwani. Hajiya da ta ji ana neman nauyi ta fito da saƙonnin da ta daɗe tana neman mai kai wa mutanen Lyon. Na buɗe but ɗin bayan motar zan fara zubawa, Baba ya buge mini hannu. Ya ce gaba aka ɗaure, baya tana nan yadda Bature ya bar ta, in na loda baya sai motar ta tashi tsaye. Aka jawo ragar kaya ta kan rufi aka matso da ita gaba iyakar matsowa, aka ɗaure buhu ɗaya da albasa a kai. Ɗaya buhun aka kwantar a wurin ajiye ƙafa na kujerar gaba, jarkar mai a gefensa. Baba ya sake danna hancin motar. Ta ɗan duƙa, ta dawo.

Ya ce, “Da saura.”

Ya juya a hankali yana dube-dube da lafiyayyen idonsa, har ya sauka a kan Alhaji, wanda ke tsaye a bakin ƙofa cikin jallabiya da kofin gahawa yana kallonmu yana nishaɗi. Alhaji mutum ne da Allah ya yi wa jiki. In ya shiga lif, sauran mutane sukan ce za su jira na gaba. A ofishinsu ana miƙe masa tsaye, amma a wurin Baba taubashi ne, kuma tsakanin taubasai babu girma.

“Kai, bawana, je ka sa takalmi.”

Alhaji ya ce, “Ni? Non, non. Ina da taro ranar Litinin.”

“Yau Asabar. Gobe ka dawo a jirgin, an ce yana kusa.”

“Yanzu ni za ka mayar buhu? Da girmana?”

“Girman naka ake so.”

Hajiya ta ce ya tafi mana, ko ta samu ta share ƙarƙashin kujerarsa. Ba a yi minti ashirin ba Alhaji yana zaune a gaba, ƙafafunsa a kan buhun shinkafa, gwiwoyinsa sun kusa taɓa gemunsa. Hancin motar ya sauko ya daidaita. Baba ya danna, ta duƙa a hankali ta taso a hankali. Ya gyaɗa kai, ya buɗe ƙofar baya ya shiga. Ban taɓa ganinsa a bayan mota ba. Na ce ko a matsa masa ya zauna a tsakiyarmu. Ya ce shi ba shi da nauyin da zai amfane ta a gaba, in ja mu tafi.

Muka bi ta kan tudun nan na ɗazu. Motar ta hau ta sauka, ko gahawar da ta rage a kofin Alhaji ba ta zube ba, don ya manta ya taho da shi a hannu. Da muka fita gari ta kwanta a kan hanya, sitiyari ya yi nauyi mai daɗi, inda na nuna mata nan take bi. Sai dai an gyara mota, ba a gyara direba ba. Baba ya dafa bayan kujerata, bakinsa kusa da kunnena.

“Sa mata giya ta uku. Ba ka ji tana kuka ba?”

“Taka birki kafin kwana, ba a cikinta ba.”

“Saki sitiyarin nan kaɗan, ba wanda zai ƙwace maka.”

“Bar shi ya wuce, shi ya san inda za shi.”

Haka muka yi ta tafiya, ina gumi, Alhaji yana ƙorafin ƙafarsa ta mutu, Baba yana ce masa kaya ba ya magana. Da azahar muka tsaya a gefen wata gonar inabi muka yi salla, muka ci abin da Hajiya ta ƙunsa mana. Baba ya sa na matsar da buhun da ke kan rufi taƙi ɗaya zuwa hagu, ya ce tana ɗan jingina ta wajen Alhaji.

Bayan mun tashi, umarnin ya fara raguwa. Ba wai ya gaji ba ne, ni ne na fara jin abin da yake ji. Injin yana da wata murya da yake yi in yana son a canja masa giya, kuma a wani hawa na kai hannu na ba ta biyu daidai lokacin da Baba ya buɗe baki. Ya rufe bakinsa. A hawa na gaba bai ce komai ba. Muka wuce gari ɗaya, muka wuce na biyu, na sha gaban wata tarakta, shiru. Hankalina ya tashi. Na san shirun Baba, yawanci yana nufin abin ya wuce gyara. Ban yarda na dubi madubi ba.

Alhaji ne ya juya da ƙyar ya leƙa baya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya matso kusa da ni ya rage murya.

“Barci yake yi.”

Na duba. Kansa ya jingina da gilashi, tabarau ya zame, bakinsa a ɗan buɗe, hannun da ke dafe da kujerata ya sauka kan cinyarsa.

Alhaji ya ce, “Tun muna yara nake tafiya da mutumin nan. Mun je Agadas, mun je Kano, mun je Makka. Ban taɓa ganin ya runtsa a cikin abin da wani ke tuƙawa ba. Ko a jirgin sama zaune yake yana sauraron injin, wai ko matuƙin zai yi kuskure.”

Na mai da hankali kan hanya, don in na biye wa maganarsa kuka zan yi, kuma ina buƙatar idanuna.

Rana ba ta faɗi ba muka shigo Minguettes, inda na yi wa Malam alkawarin za mu fara tsayawa ya gaisa da Baba. Na hango shi a ƙofar garejinsa cikin sabuwar riga, ya ɗaga hannu. Na san in na kashe injin Baba zai farka. Na ɗaga wa Malam hannu na wuce, na zagaya bayan benen na dawo. Ya sake ɗaga hannu, wannan karon da alamar tambaya. Alhaji ya ce don girman Allah in sauke shi, ƙafafunsa ba nasa ba ne kuma. Na ce yi haƙuri, Alhaji, in ka fita za ta fara tsalle. Ya waiwaya ya dubi taubashinsa, ya yi ajiyar zuciya, ya gyara zama a kan shinkafar.

Ya ce, “To, ƙara zagaye ɗaya. Amma a hankali.”